Wuƙa a Cinyar Hagu

Tana ba jaririnta nono a ƙofar kicin ta ga Figigi ta ɗauki wuƙar yanka albasa. Yarinyar ta goga wuƙar a cinyarta ta hagu, gaba da baya, ta kai ta baki ta hura mata iska, sannan ta fara yanka.

Nonon ya kuɓuce daga bakin jaririn.

Haka ƙanenta mahauci yake yi kafin ya taɓa nama. Haka maƙwabta suka ce ya yi ranar da ya kashe matarsa. Figigi 'yarsa ce. Tana cikin zanen goyo aka kawo ta gidan nan, shi kuwa yana kurkuku tun lokacin, ko muryarsa ba ta sani ba.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Wanne, Gwaggo?"

"Ajiye wuƙar. Fita."

Da mijinta ya dawo daga makarantar da yake koyarwa, ko takalmi ba ta bari ya cire ba ta zayyana masa abin da Figigi ta yi.

"Gobe ka kai ta wajen dangin uwarta."

"A kan albasa?"

"Jini ne, Malam. Ya fara fitowa."

"Jini ba ya koya wa mutum riƙe wuƙa. Mu muka raine ta. Yarinyar da kyankyaso ke korar ta har kan tebur? Ni fa nake zuwa ceto da tsintsiya."

"Shi ma ubanta yana yaro kyankyaso yake gudu."

Ya sunkuya ya cire takalminsa.

"Na kusa komawa aiki," ta ce. "Da ita zan riƙa barin ɗana? Su biyu, da wuƙaƙe a kicin?"

Ta goya jaririn ta koma ta ƙarasa girkin. Figigi tana raɓe a bayan ƙofa, ta ji komai, ba ta ko motsa ba.

"Tsaya," in ji mijin daga bakin kicin. "Kada ki sauke hannunki. Duba."

Wuƙar tana daidai bakin Gwaggon, numfashinta bai ma gama bushewa a jikin ƙarfen ba. Ta duba zaninta. A cinyar hagu akwai danshin albasa, kuma nan kaɗai zanin ya koɗe.

Ya fashe da dariya. "To, ga malamarta nan! Koyo ne, uwargida, ba jini ba. Ko ke ma a kai ki wajen dangi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye wuƙar a hankali, ta ja baya har ta jingina da bango.

"Malam, uwarmu ta rasu ƙanena yana rarrafe. Ni na raine shi. A hannuna ya fara riƙe wuƙa."

Jaririn ya motsa a bayanta, ɗuminsa yana ratsa ta. Ta kama ƙullin zanen goyon tana ja, ya ƙi kwancewa.

"Figigi," ta ce. "Zo ki karɓi ƙanenki. Yi sauri."