Mazarin da Ya Rufe Hanyar Inna

Mazarin yana tsakanin yatsuna, fukafukansa a haɗe, ni kuwa ina ta fatan ya zama na banza, irin jajayen nan da suka cika kowane kududdufi a yankinmu na Kalimantan. Na juya shi, na ɗora gilashin ƙara girma. Ga farin zane nan biyu a ƙarƙashin wutsiyarsa. Shi ne wanda ƙungiyar da nake wa aiki ta yi shekaru tana nema, kuma duk faɗin dajin nan ya rasa inda zai zauna sai tafkin da ke ƙarshen magudanar babana.

Baba da hannunsa ya haƙa magudanar cikin dajin fadama, faɗinta na kwalekwale ɗaya. Ita take tsotse ruwan tafkin, in rani ya kama ba a datse ta ba, 'ya'yan mazarin da ke cikin ruwa duk za su mutu. Inna kuma tana kwance a kabarinta a tudun da ke bayan tafkin. Ba mu yi mata tiwah ba tukuna, bikin da ake tono ƙasusuwan mamaci a kawo su gida don ruhinsa ya samu wucewa, sai baɗi ƙauye zai haɗu a yi. Ƙasar wurin ba ta takuwa, mutum sai ya nutse har ƙugu. In ba ta magudanar ba, babu hanyar zuwa tudun.

Yayana Dehen, da yake tuƙa ni, ya ce in buɗe yatsuna kawai a wuce wurin.

"Bungeh, wa ya gani in ba ni ba? Boko dai ya cinye miki kai. Tsakanin ƙwaro da uwarki har sai kin tsaya tunani?"

Na sake shi, amma sai da na ɗauki hotonsa. Na ji haushin ƙwaron, na ji haushin kaina, har Inna sai da na ji haushinta da ta ce a tudun nan take so a ajiye ta. Hoton ya kwana da yawa a wayata, kullum ruwa yana ja da baya. Daga ƙarshe na tura wa ofis, suka ce a datse magudanar.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaya ko za a buɗe magudanar baɗi. Na gaya masa gaskiya, cewa in aka cika madatsa da ƙasa saiwa ta kama, ba ta sake buɗuwa. Ya ce to.

Ranar da aka kawo katakon madatsa muka tarar ya riga mu. Yana can sama da inda za a datse, kwalekwalensa ɗauke da shinkafa da tukunya da tabarma. Na roƙe shi ya sauko, na tuna masa ciwon gwiwarsa, na tuna masa hayaƙin gobarar rani.

"Yi aikinki, 'yata," in ji shi. "Ni na kai innarki can, ba zan bari a rufe ta ita kaɗai ba."

Ma'aikata suka tsaya suna kallona, don umarnina suke jira. Na ce su kafa turken farko.