Kek ɗin Mutuniyar

Tun da Allah ya yi wa Inna Mairo rasuwa, mijinta Baba Dabo ya raba gari da abinci. A kawo tuwo, ya yi loma biyu ya ce alhamdu lillahi. A dama fura, ya kurɓa ya ture. Likita ya hana shi azumi, amma kusan shi yake yi, har da na dare. Tsohon da ma ba jiki ba, sai ga riga tana yi masa yawo. Likitan bai ɓoye wa 'yan gida ba: in bai ci ba, magani aikin banza ne.

Kowa a gidan lallaɓa shi yake yi kamar ƙwai. Har jikarsa Nafisat, wadda a da in ta shigo sai ta fizge masa hula ta ce, "Angona, ina tsarabata?" yanzu durƙusawa take yi ta gaishe shi ƙasa-ƙasa.

Ana gab da Sallah ta ji shi yana magana shi kaɗai a bakin ƙofa. "Bana dai babu kek ɗin mutuniyar."

To, an zo gidan sauƙi! Nafisat fa a Kaduna ta koyo gashin kek, kuma duk bikin da ya amsa sunansa a Birnin Gwari kek ɗinta ake yankawa. Ta fasa ƙwai ba tausayi, ta zuba bota, ta fito da abu mai laushi kamar auduga. Baba Dabo ya gutsura, ya ce, "Allah ya yi albarka," ya mayar da murfi. Wallahi da ya zage ta da ya fi mata daɗi.

Washegari ta hau acaɓa sai gidan Iya Azumi, aminiyar marigayiya tun suna zaune a ƙauyen Gwaska, kafin zaman can ya gagara kowa ya dawo gari.

"Iya, yaya Inna take haɗa kek ɗinta?"

Tsohuwa ta yi dariya har ta sarƙe. "Mairo? Allah ya jiƙanta, ai ba ta taɓa iya kek ba, 'yar nan! A wajen wata matar malamin makaranta ta gani sau ɗaya, ta ɗauko rabi ta bar rabi. Yashi a tukunya, ƙullu a gwangwanin madara, garwashi a kan murfi, ta tafi hira. Ƙasa gawayi, sama dutse. Kowace Sallah kafin a tafi idi sai an ji su ta katanga, yana cewa za ta ƙarasa masa haƙora, tana cewa ya je ya auro Baturiya. Yana faɗa yana ci, har ya share faranti."

Nafisat ta kamo hanyar gida tana tunani. Ita ma rabon da ta ji kakanta ya ɗaga murya tun ranar jana'iza.

Ranar Sallah da sassafe ta ɗebo yashi, ta jera gwangwanaye, ta hura wutar da ta fi ƙarfin aikin. Da ƙauri ya tashi hannunta ya kai ga murfi da kansa, ta janye shi. Kai, ƙona kek da gangan ma aiki ne! Ta zazzage baƙaƙen a faranti, ta dangwarar a gaban tsoho ba ko gaisuwa.

Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa a bakin faranti.

"Ke! Wannan na ci ne ko na jifan birai a gona?"

Nafisat ta riƙe ƙugu. "In ba ka so ka sake ni mana. Tsoho da kai sai tsirfa!"

"Iye! Haƙoran da suka rage min kike hari?"

"Haƙoran me? Ka tsoma a shayi."

Ya tsoma kuwa. Yana mita yana tauna, wai Kaduna ta cuci iyayenta, wai ko akuya sai ta yi shawara kafin ta taɓa wannan. Matan gida suka leƙo daga madafa suna toshe baki. Na uku yana hannunsa sai faɗan ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙonannen gindin kek ɗin, idonsa ya kawo ruwa.

"Kin san," ya ce, "tun da na aure ta ban taɓa ce mata ya yi daɗi ba. Ko sau ɗaya."

Ita ma Nafisat hawayen ne.

Ya goge fuska da hannun riga, ya turo mata farantin.

"Ke ma ba zan ce miki ba. Ƙaro biyu."