Gilashin da Inna Ta Wanke

Kwana uku Zuliha ta yi tana lallashin ɗan gilashin nan. Ta turara shi da hayaƙin fitila har ya yi baƙi ƙirin, ta haɗa reza biyu ta ja masa siraran layuka biyu dab da juna. Yau malamin da ke duba masu koyon koyarwa zai zo Yelwa daga kwaleji. Bara ya kayar da ita. In ta sake faɗuwa, sallama ce.

Da safe ta tarar da gilashin a kwandon kwanuka, yana ta ƙyalli.

"Inna! Wa ya taɓa mini wannan?"

"Ni na wanke miki," in ji Inna Lami daga wajen bandar kifi. "Ki tai gaban manya da wagga dauɗa, a ce ɗiyata ƙazama ce?"

Ƙwalla ta cika idon Zuliha, ta haɗiye ta. Saura minti arba'in a shiga aji. Ta kara gilashin a hayaƙin banda, ta ja reza, baƙin ya dame.

"Ke da karatunki! Hayaƙin kifi ai maiƙo gare shi. Kawo nan."

Inna ta kunna tsumma da kananzir, ta riƙa juya gilashin a sama kamar tana gasa ƙaramin kifi. Wannan karon layukan suka fita tas.

A aji, Zuliha ta sa aka rufe tagogi. Rana na shigowa ta wata 'yar huda a kwanon rufi.

"Kun san yadda igiyar ruwan jirage biyu ke haɗuwa a tafki," ta ce wa ɗalibai. "Nan ta yi tudu, can ta kwanta. Haske ma igiya ne. In ya bi ta ƙofa biyu, haka yake yi."

"Faɗa kam kowa ya iya," in ji Malam Jabiru mai dubawa, ko ɗago kai bai yi ba.

Ta taka har gabansa, ta miƙa masa gilashin. "Malam, leƙa hudar can."

Ya kara a ido. Maimakon ɗigo guda, sai ga zane-zane a jere, haske da duhu, gefensu da launi.

"Nawa ka gani, Malam?"

"Biyar... a'a, bakwai. Dakata mana!"

Aji ya kwashe da dariya. Malam Jabiru ya jawo takardarta ya sa hannu, ya miƙe tsaye.

"Ku yi layi kowa ya gani. Ci gaba da darasinki, Malama."