Maki Goma Sha Takwas

Ranar da sakamakon jarrabawar aji shida na sakandare ya fito, an ɗaga Naigaga a kafaɗa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya ci da kyau a garin Iganga. Mai hoton jarida ya ce ta ɗaga hannu, ta ɗaga. Maki goma sha takwas cikin ashirin. Washegari hoton ya fito, mahaifinta Kirunda, manomin rake, ya yanka akuya aka dafa matoke, abincinsu na ayaba. 'Yan acaɓa suka fara kiransa uban 'yar jami'a.

Malam Balikowa, mai koyar da zane, yana cikin waɗanda suka ɗaga ta. Ya ci naman. Ya san jami'a ba ta ƙirga maki yadda jarida take ƙirgawa. Naigaga tattalin arziki take son karantawa, a gurbin da gwamnati ke ɗaukar nauyi, don raken Kirunda ba zai iya biyan kuɗin ba. A wannan kwas ɗin ninka makin lissafi ake yi. Zane kuwa, inda ta fi kowa a makarantar, da ƙyar ake kallonsa. Ita kuma ba ta yi lissafi ba.

Da aka fitar da sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka, babu ita. Akwai ɗan maƙwabcinsu, mai maki goma sha biyar, wanda ba wanda ya ɗaga.

Kirunda ya zo ɗakin zane da takalmin gona, ya ƙi zama.

"Malam, ni ban yi boko ba, amma na san sha takwas ta fi sha biyar. Ko an canza ne ban ji ba?"

"Ba a canza ba, Baba. Darussan ne ba nauyinsu ɗaya ba. Shi yaron lissafi ya yi."

"Wato kamar ka kai rake mota cike, su ce maka rabi ganye ne."

"Kusan haka."

"To, kai ne mai ganyen ke nan." Kirunda ya dubi tukwanen yumɓu da ke jere a kan taga. "Wa ya ce ta ɗauki zane? Ni na tuna lissafi ta ce tana so."

Malam Balikowa ya goge hannunsa da tsumma. A farkon aji biyar ake rabon darussa, kuma shugabar makaranta, Madam Kagoya, ita ke rabawa. Duk wanda lissafinsa bai yi ƙarfi sosai ba sai ta tura shi zane, saboda zane yana kawo maki mai yawa, maki kuma shi ke kawo hoton jarida, hoton ya kawo sababbin ɗalibai. Albashin kowa daga nan yake.

"Tana da hannu, Baba," ya ce. "Ban taɓa koyar da mai hannunta ba."

"Ban tambaye ka hannu ba."

Kirunda ya fita. A bakin ƙofa wani ɗan acaɓa ya kira shi da sabon sunan, bai juya ba.

Kafin a dawo daga hutu Madam Kagoya ta aika a kira Naigaga. Allon da ke ƙofar makaranta ya koɗe, tana so a sabunta shi da hoton yarinyar da makinta. Malam Balikowa yana ofishin, shi zai ba da fenti.

"'Yata, ke za ki zana, ai kin fi na kasuwa," in ji Madam.

"Zan zana, Madam. Amma a bar ni in dawo in yi lissafi. Ko daga aji biyar ne zan fara."

"Idan kika dawo kika fito da sha uku fa? Me zan ce wa iyayen da suka ga allon?"

"Ki ce musu na shiga jami'a."

Madam ta yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Iyaye ba sa tambayata jami'a sai bayan shekara biyu. Lamba suke tambaya. Ki nemi kwas ɗin zane mana, can makinki zai yi nauyi. Ko ba haka ba, Malam?"

"Guraben kaɗan ne," in ji shi, "kuma ba ta nema ba. An rufe."

"To, baɗi."

Naigaga ta miƙe. Ta karɓi gwangwanayen fenti.

Ta yi aikin a bakin titi, manyan motocin rake suna wucewa suna watsa mata ƙura. Fuskar ta fito daidai, har da hannun a sama. Da ta zo kan rubutu ta juyo daga kan tsani.

"Malam, in sa darussan da na ci?"

"Madam ta ce lamba kawai."

Ta rubuta lambar da jan fenti, babba, yadda za a gani daga cikin mota. Wata mata da ta zo neman wa ɗanta gurbi ta tsaya tana kallo, ta tambayi ko wace jami'a yarinyar allon take yanzu. Naigaga ta ce ba ta sani ba, ita mai fenti ce.

Da aka koma makaranta, Malam Balikowa ya roƙi ƙarin benci biyu. Waɗanda aka turo masa bana sun fi na bara yawa.