Ɗinyar Sajan Ubale

Bishiyar ɗinyar tana tsaye tsirara kamar an yi mata aski, ko ɗa ɗaya babu a ƙarƙashinta. Sajan Ubale mai ritaya ya zagaya ta, ya ja tsaki.

Tun hantsi suke yawo a bayan Yankara, shi da Mas'udu mai ɗaukar hoto, suna neman abin da za su nuna a shirinsa na talabijin, "Daji Gonar Kowa". Tafasa an tsinke ta, saura karare. Yaɗiya ko saiwarta ba a bari ba. Gaba kuwa 'yan sa-kai sun ce kada su kuskura su wuce rafi, dajin yana da masu shi yanzu.

"Oga, Manaja ya ce in muka koma hannu rabbana, zai ba mai dafa taliya lokacinka," in ji Mas'udu.

"Taliya!" Sajan ya ce. "Ni da na ci gara da ɗanyen rogo a bakin daga?"

Mas'udu ya hau babur ya nufi kasuwa, ya dawo da ɗinya cike da leda, ya watsa ta a gindin bishiyar, ya barbaɗa ganye a kai.

"Ƙarya za ka sa ni yi da furfurata?"

"Ɗinya ce, Oga. A bishiya ta fito, sai dai ba wannan ba."

Sajan ya daɗe yana huci. Amma ciki ba ya jin rantsuwa. Ya gyara malafa, ya juya wa bishiyar baya, ya fuskanci kyamara.

"Masu kallo, wanda ya san daji ba ya kwana da yunwa. Abin da ya faɗo ƙasa na wanda ya riga ne, haka kaka da kakanni suka bar mana..."

Da baki ya buɗe, sai ya manta da fushi. Ya zuba bayani har ya kai ga maɗin ɗinya. Mas'udu yana ta yi masa alama da ido, bai kula ba. Da ya juya zai tsuguna, sai ya ga wata tsohuwa tana ƙulle bakin zanenta. Ƙasa fes.

"Iya, wannan tamu ce."

"Taku? Kai ka shuka ta, Malam?"

"Sayo ta muka..." Ya dubi kyamara, ya haɗiye sauran.

"Mu da aka koro daga ƙauyenmu, muna nan zaune a makarantar firamare," ta ce. "Kullum nan nake dubawa. Yau Allah ya kaɗo."

Ta yi taku kaɗan, ta dawo, ta sa masa guda biyu a tafi.

"Bacci ya yi maka yawa, Malam. Gobe ka yi sammako."

Sajan ya tsaya yana kallon tafinsa. Jar fitilar kyamara ba ta mutu ba.

"In yanke, Oga?" Mas'udu ya tambaya.