Gilashin Malam Ɗalha a Kyamarar Ari

"Murza shi dama, har ka ji ya ce ƙas," in ji Malam Ari daga kan katifa.

"Na sani," Malam Ɗalha ya ce, alhali hagu yake murzawa.

Ya juya gilashin dama, yana lalubar bakin kyamarar. Yau ya fara taɓa kyamarar nan ta dijital da ta hana shi barci shekara uku. Su biyun masu hoto ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu a lungun bayan Ƙofar Wambai. Tun da soja suka koma bariki, aikin fasta ya buɗe, kowane ɗan takarar kansila yana son fuskarsa a bango. Ari ya sayo dijital, yana nuna wa mutum hotonsa nan take. Ɗalha kuwa yana nan da fim, sai ka jira kwana biyu. A gaban idonsa 'yan siyasa suke wuce ƙofarsa su yi sallama a ta Ari. Wallahi har tarin Ari ta bayan katanga haushi yake ba shi.

Abu ɗaya Ɗalha ya fi shi da shi, wani tsohon dogon gilashin kyamara da ke fito da fuska tas, ya dusashe bayanta. Ari ya sayi zoben haɗi musamman saboda shi, ya roƙi aro ya fi sau biyar. Kullum amsa ɗaya ce: "Ba zai hau taka ba."

Ga shi yau ya hau, ya ce ƙas.

Safiya ce, 'yar Ari, ta shiga har gida ta durƙusa masa. "Baba, duk unguwar nan babu wanda mahaifina bai ɗauka ba, amma shi ba mu da hotonsa sai na katin zaɓe. Likita ya ce mu dawo da shi gida. Ya ce in dai hoto ne, kai yake so, da gilashinka."

Aka jingina Ari da bangon soro, aka zura masa farar babbar riga, aka gyara masa hula. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Amma Ɗalha, Allah Ya yafe masa, kyamarar yake kallo, yana jin rashin nauyinta, yana cewa a ransa wannan abar wasan ce ta kashe masa kasuwa.

"Ɗalha, tsaya, kafin ka danna akwai..."

"Shekara talatin ina wannan sana'a. Ni na koya maka wanke fim. Kai za ka nuna mini danna hoto?"

Ari ya dube shi, ya dubi Safiya da ke raɓe bakin ƙofa. Sai ya sauke hannun da ya fara kaiwa ƙirji.

"Gaskiyarka. Ɗauki."

Ya daure ya miƙe wuya, ya yi murmushi. Ɗalha ya ja da baya har bakin zaure, ya daidaita gilashin da hannu, ya danna sau uku. Wani rubutun Turanci ya fito a allon baya, bai tsaya kansa ba. Mai hoton kirki, a ganinsa, ba ya leƙen aikinsa. Ya kashe kyamarar, ya cire gilashinsa ya nannaɗe a tsumma, ya ce Allah Ya ƙara sauƙi.

Ranar Alhamis da hantsi Ari ya cika. Ɗalha na cikin waɗanda suka kama makara. Ya yi kuka, kukan gaske, har ya ba kansa mamaki.

Ran uku, bayan mutane sun ragu, Malam Shehu, wanda ya yi wa gawar wanka, ya matso kusa da shi a kan tabarma.

"Kai ne ka san kayan aikinsu. Wannan na tsinta a aljihun farar rigarsa."

Ɗan kati ne, bai kai kwalin ashana ba. Ɗalha ya taɓa ganin Ari yana zura irinsa a gefen kyamara. Ya sa aka miƙo ta daga cikin gida, ya lalubi murfin gefen ya buɗe. Ramin wayam.

Sai yanzu ya gane. Ari ya san babu kati, ya san ba abin da zai kama, amma ya zauna ya yi murmushin don kada a gyara wa Ɗalha aiki a gaban yarinya.

"Baba," muryar Safiya ta fito daga bayan labule, a dishe. "Ya fito da kyau? Inna tana son gani."

Ɗalha ya dubi ramin, ya dubi labulen. Ya zauna da kyamarar a cinya, katin a tafin hannu. Ta gefen labule hannun Safiya ya fito, a buɗe, yana jira.