Ban da Lyyli

"Ki faɗa mini sunan," in ji tsohuwa Aune, ta damƙe hannun Riikka, matar jikanta, da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba.

"Haba Kaka, sai ranar baftisma mana. Ko uwata ban gaya wa ba."

Haka muke a nan gabashin Finland, jariri sai ya yi wata biyu ana kiransa da sunan wasa, na gaskiyar kuwa fasto ne zai fara furta shi. Jaririyar Riikka ana ce mata Wake. Ni maƙwabciyarsu ce, burodi na kawo na tarar da wannan ja-in-ja.

Don in sassauta zancen na ce, "Yaran yanzu sun koma tono sunayen kakanni. Impi, Tyyne, Hulda! A zamaninmu wa zai yarda? Ni dai Saima Elviira ya fi mini daɗin kira."

Aune ko kallona ba ta yi ba. Idonta na kan tafkin da ya daskare a bayan taga.

"Ku sa kowanne, amma ban da Lyyli. Biyu muka yi a gidan nan, ƙanwata da 'yata. Duk ruwan nan ya karɓe su, ba wadda ta kai shiga makaranta."

Riikka ta sunkuya tana gyara wa jaririyar hula. Hular lafiyarta ƙalau. Nan na gane sunan da suka zaɓa ke nan.

Na bi ta har bakin mota. "Ke, kin dai ji abin da ta ce."

"Inna Marjatta, camfi ne. Mijina Teemu yana so a tuna da su, kuma ai akwai suna na biyu da zai raka shi."

"Raka shi ina?" na ce. Ta ja ƙofa ta rufe. Wallahi na ji kamar in mare ta.

Ranar Alhamis da hantsi na leƙa Aune. Na same ta a kujerarta ta lilo, fuskarta ga tafkin, kofi ya huce a gefenta. Jikinta ma ya huce. Na rufe mata ido.

Ba a ɗage baftisma ba, don ita ta roƙa a yi a falonta. Ranar Lahadi aka ɗora kwanon ruwa a teburinta, aka kunna kyandir, aka sa wa yarinya farar rigar da duk 'ya'yan gidan suka sa. Kujerar lilo ba wanda ya zauna a kai. Ina ta addu'a a raina Allah ya sa sun canza.

Fasto ya tsoma hannu a ruwa.

"Lyyli Aune."

Mutane suka yi murmushi, wata ta ce kai, sunayen sun dace da juna. A waje ƙanƙarar tafkin ta yi wannan doguwar ƙarar da take yi in ta fara tsagewa. Ruwa na gangarowa ta goshin yarinyar, ba ta yi kuka ba. Ta dai juya kai wajen taga.